Yadda akuyar maƙwabta ta riga ƙanina fitar da waƙa

Ƙanina ya matsa sai na ɗaukar masa waƙa a gida. Kuɗin situdiyo babu, balle na sayen sawun kad, na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta. Amma ina da tsohuwar rikoda Zoom H4n da nake ɗaukar hira da ita, kuma tana iya wannan aikin. Za ka haɗa ta da kwamfuta ta USB tana kashe, ta kunna kanta ta tambaye ka: STORAGE ko AUDIO I/F? Ka zaɓi na biyun, ka zaɓi 44.1 ko 48 kHz (saurin da take ɗibar sauti ke nan), ka danna CONNECT, shi ke nan. A baki dai.

Wayar da na zaro daga durowa ta kunna rikodar, kwamfuta kuwa ko sannu ba ta ce mata ba. Wasu wayoyin mini-USB na caji ne kawai, silin wuta biyu ne a ciki, babu biyun da ke ɗaukar bayanai. Wayar wata tsohuwar kyamara ce ta fitar da mu kunya.

Muka aro makirfo irin na kwandensa, na soka wayarsa ta XLR a rami na 1 da ke gindin rikodar. Na ga ma'aunin sauti yana rawa a allo, na ce bismillah. Yaro ya rufe ido, ya dafe kunne da hannu ɗaya, ya rera waƙar nan tun daga amshi har baitin ƙarshe, har da jijiyar wuya. Da muka kunna, muryarsa can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Akuyar maƙwabta kuwa tar, da mai tallar gyaɗa, da Inna tana tambayar wanda ya bar bokiti a bakin famfo.

A gaban rikodar akwai maɓallai uku: MIC, 1 da 2. Muddin MIC ne ke da jar fitila, makirfofi biyun da ke kanta take saurara, su kuma taga suke kallo. Na hannun mawaƙin ko numfashi ba ya yi, domin kwandensa ba ya aiki sai an tura masa wutar 48V daga PHANTOM a cikin menu na INPUT. A soka waya tukuna kafin a kunna wutar, a kashe ta kafin a zare. Gwajin kuwa mai arha ne: ɗan shafa kan makirfon da yatsa, in ma'auni bai yi tsalle ba, ba shi ake ji ba. Na danna 1, na daidaita REC LEVEL yadda in ya ƙure murya ba za ta wuce -12 dB sosai ba.

"Yaya, kunnen hagu kawai nake ji." Rami na 1 hagu ne, na 2 dama. Layin mono, wato mai hanya ɗaya, ake buɗewa a manhajar ɗaukar sauti, a ba shi hanya ta 1.

"Yaya, wani yana maimaita abin da na faɗa." Wannan jinkiri ne. Bafa, wato guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, mai 1024 a kan 44.1 kHz tana cin kusan milisakan 23 a shiga kaɗai, ban da dawowa. Na sauke direban ASIO na rikodar, mai rage jinkiri, muka koma manhajar Reaper tunda Audacity da muka fara da shi ba ya zuwa da ASIO, na rage bafa zuwa 256, abin da bai kai milisakan 6 ba. Na kuma kashe sauraron murya ta cikin manhaja, ya sa hedfon a jikin rikodar ya ji kansa kai tsaye. Saura wani zuuu a ƙarƙashin komai, wanda ya ɓace da na zare cajar laftof. Kukan wutar gida ne mai 50 Hz yake biyowa ta cajar, don haka a ɗauka da batirin laftof.

Ana cikin haka ya taka wayar USB ta fita. Da aka mayar, rikodar ta zauna a kan 48, aikin da ke kwamfuta yana kan 44.1. Ya ce kiɗan gudu yake, na ce ƙafarsa ce ba ta da sauri. Ashe gaskiyarsa: kiɗan ya ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, ya kuma ɗaga sama. Ya bi shi a haka ya gama. Da na fitar da waƙar a 44.1, kiɗa ya koma daidai, murya ta sauko tare da shi, ta yi kauri, ta zama ta wani magidanci mai 'ya'ya shida.

Na ce mu daidaita lambobin biyu mu sake. Ya riƙe min hannu: "Don Allah Yaya, kar ka taɓa komai." Ya tura wa abokansa ta WhatsApp a daren. Yanzu duk wanda ya ce ya rera masa ido da ido, sai ya yi tari ya ce mura yake yi.