Mai Shafi, Sunan Sana'arka Dillanci

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa masu shafuka a TikTok da Instagram da Facebook. Wallahi ina jin daɗin ganin yadda waya ta zama hanyar cin abinci a hannunku. Yarinya tana ɗakin mahaifiyarta tana tallar atamfa da turaren wuta, masu saye na kiranta daga Maraɗi har Kumasi. Allah ya ƙara buɗi.

Sai dai sana'ar nan ba sabuwa ba ce, iyayenmu sun san ta da sunan dillanci. Dillali a karar Wudil ko ta Maigatari ba shi da saniya ko ɗaya. Fuskarsa ake kallo a saya, shi ya sa ake ba shi la'ada. In dabbar ta zama ta sata ko mai ciwo, shi ake fara nema. Haka dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin zannuwa, ranar da ta cuci matar aure ɗaya, unguwa ta rufe mata ƙofa ke nan.

To kai da ka karɓi kuɗin talla, me ya raba ka da su? Yawan mutanen da za ka iya cutarwa ne kawai.

Wata ƙanwata ta sayi man gyaran fata saboda wata mai shafi da take ƙauna ta rantse da shi take amfani. Ba lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, a jikinsa, ba sunan wanda ya haɗa. Cikin 'yan makonni fuskarta ta ƙone, har yau tabon bai gama ɓacewa ba. Da aka yi wa mai shafin magana, cewa ta yi: "Ni talla kawai aka ba ni." Wannan kalma ta fi tabon yi mini ciwo. Yarinyar nan ba ta san mai man ba, ke mai shafi ta sani, da ke ta yarda. Manzon Allah (SAW) da ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, cewa ya yi wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Tallan masu alƙawarin ninka wa mutane kuɗi, irin su MMM da CBEX, ma ya fi muni. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, ba mu ɗauki darasi ba, CBEX ta rufta da mutane a Afrilun 2025. Irin waɗannan ba sa yaɗuwa sai da bakin wanda aka yarda da shi. Kuma ku sani, dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu wannan harka da masu yayata ta.

Sannan rumfar da kake zaune cikinta ta aro ce. Gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu ciniki a can suka wayi gari ba kasuwa. Shafinka ma ana iya rufe shi cikin dare, ba wanda za ka kai wa ƙara.

Don haka ka yi wa sana'arka rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka ware asusun kasuwanci daga na cefane, ka adana lambobin masu sayen kayanka a littafi. In an kawo maka talla, ka karɓi kayan a hannu, ka duba lambar NAFDAC, ka san shagon mai shi. In ya ce a yi sauri ba lokacin wannan, mayar masa da kuɗinsa.