Soda na cin naman leburori, famfon kamfani kuwa a bushe

Wai don Allah, me zai sa kamfani ya iya sayen kostik soda tirela guda, amma ya kasa jawo famfo ɗaya zuwa inda ake dama ta? Duk mai shiga masana'antun sabulu da na tace man girki a Zariya ya san zancen. Lebura ne ke farke buhu mai kilo 25, silifa a ƙafa, safar yadi a hannu. Wannan safar ma gara babu, don jiƙewa take yi ta riƙe sinadarin a kan fata. Ta roba mai kauri ake buƙata, da tabarau mai rufe gefe, da dogon takalmin roba, ƙafar wando ta rufe bakinsa. Ba wanda ya ma gaya masa cewa soda ake zubawa cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, in aka kwara mata ruwa tafasa take yi ta fantsamo fuska.

Muguntar soda ita ce ba ta saurin zafi kamar asid. Narka kitsen fata take yi, wurin ya yi santsi, yaro ya goge da riga ya koma aiki, ita kuwa tana ta nutsewa. In busasshiya ce, a fara karkaɗe ta. A yanke rigar da almakashi, kada a cire ta ta kai. Sannan ruwa mai gudu, aƙalla minti 20, na soda ma har awa guda bai yi yawa ba. Ido kuwa a buɗe shi da yatsu a yi ta kwarara.

To ina ruwan? Tanki na can bayan ofis, an ɗauke wuta, famfo sai iska. Sai a fasa ruwan leda biyu, wannan ya ce manja, wancan ya ce man goge baki. Wani gwani ya ce a matsa lemon tsami ya kashe sodar, alhali haɗuwarsu zafi take ƙarawa. Kafin a isa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ido ya yi fari. Haba!

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, ya kuma kai rahoton hatsari cikin kwana 7. Amma sai manaja ya damƙa wa yaro kuɗin acaɓa, washegari wani na tsaye a gurbinsa. Wanda abin ya shafa ya sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, ya riƙe kwafi da takardun asibiti, don gobe cewa za su yi a gida ya ƙone.