Rundunar leƙen asiri ta 102 ba ta tashi sama

Mutane da yawa sun ɗauka rundunar leƙen asiri ta 102, ta sojojin saman ko-ta-kwana na jihar Massachusetts a Amurka, tana shawagi ne da jiragenta. Dā can haka ne: jiragenta na yaƙi samfurin F-15 guda biyu ne suka tashi daga sansanin Otis ranar harin 11 ga Satumba 2001. A 2008 aka mayar da jiragen zuwa sansanin Barnes, aikin ya koma gaban kwamfuta, ana tantance hotunan da jirgin leƙen asiri na U-2 da jirage marasa matuƙa ke turowa. Hatsarin ma ya koma ciki. A 2023 wani ƙaramin ma'aikacin kwamfuta na rundunar ya fitar da takardun sirri a manhajar hira ta Discord, aka dakatar da aikin rundunar sama da shekara guda.