Masu ƙorafin ƙarafunan jikin cocin Kolon, ku ɗan saurara

Jama'a akwai wani ƙorafi da nake yawan ji a bakin mutanenmu da suka je birnin Kolon na Jamus, wai sun je ganin babban cocin nan amma ƙarafunan da magina ke hawa sun ɓata musu hoto, ko ta ina ka tsaya sai ka ga an ɗaure wani ɓangaren ana gyara. Ni dai ra'ayina daban ne, a wajena ƙarafunan nan su ne ma abin kallon.

Manya da suka saba sauraron Muryar Jamus sun san sunan Kolon tun da daɗewa, don can gidan rediyon yake kafin ya koma Bon a 2003. To cocin yana tsakiyar tsohon garin ne, kana fitowa daga babbar tashar jirgin ƙasa kawai za ka gan shi tsaye a kanka, baƙi ƙirin, hasumiya biyu kowacce mita 157, sai ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa. An sa tubalin farko a 1248. Dalili kuwa wasu ƙasusuwa ne da aka kawo daga Milan a 1164, waɗanda Kiristoci suka yi imanin na masanan nan uku ne da suka ziyarci Annabi Isa (AS) yana jariri, masu ziyara suka yi ta tururuwa har tsohon cocin ya yi musu kaɗan. Akwatin zinaren da aka ajiye su yana nan can ƙuryar ciki har yau.

Amma fa ba a gama ginin ba sai 1880. Shekara 632! Zuwa 1560 kuɗi ya ƙare aiki ya tsaya cak, aka bar wani katafaren injin ɗaga duwatsu na katako a kan hasumiyar kudu wadda ba a ƙarasa ba, haka ya zauna ɗaruruwan shekaru, a haifi mutum ya tsufa ya mutu jikokinsa su taso su tarar da shi a wajen, har ya zama alamar garin. Sai a farkon ƙarni na 19 aka tsinci tsohon zanen gaban ginin, rabi a garin Darmstadt na Jamus rabi a Paris, aka haɗa, a 1842 aka koma aiki bisa wannan zanen na mutanen da suka mutu tuntuni. Ba wanda ya ce bari in rushe in fara nawa don a sa sunana. Kuma yawancin kuɗin ba gwamnati ce ta bayar ba, ƙungiya 'yan gari suka kafa suna tara gudummawa, ƙungiyar tana nan har gobe tana biyan kaso mai tsoka na kuɗin gyara.

Da ka shiga ciki za ka gane me ya sa gini irin wannan ba zai taɓa hutawa da gyara ba. Rufin yana sama da mita 43 daga ƙasa, amma bango kusan babu, gilashi ne mai launi ko ta ina. Dabarar ita ce nauyin rufin yana bin wasu bakuna masu tsini ya sauka kan ginshiƙai, daga waje kuma aka tokare su da wasu hannuwa na dutse don kar su buɗe. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zai gane tunanin nan take, sai dai can da ƙasa da azara aka yi, nan da dutse. To duk waɗannan tokare da ƙananan hasumiyoyi da sassaƙe-sassaƙe a waje suke, ruwa ya doke su, sanyi ya fasa su, ga hayaƙin kwal na jiragen ƙasa da masana'antu da ya sha shekara da shekaru, shi ya taimaka wajen baƙanta shi ma.

Shi ya sa cocin ke da ma'aikatansa na dindindin, wajen mutum 100, masassaƙan dutse, maƙera, masu gyaran gilashi, masu rufi, kuma suna koyar da yara masu tasowa sana'ar. A sauke dutsen da ya zaizaye, a sassaƙa wani sak irinsa a mayar, kana kallon bango za ka ga fari-fari tsakanin baƙi, sababbi kenan. Su kansu 'yan garin suna da magana, wai ranar da aka gama cocin nan duniya za ta tashi. Lokacin yaƙin duniya na biyu an kusa shafe tsakiyar Kolon gaba ɗaya, cocin ma bama-bamai sun same shi amma bai faɗi ba, wani rami da bam ya yi a gindin hasumiyar arewa a 1943 da jan bulo aka toshe shi cikin gaggawa, facin nan ya kai shekara 60 kowa na gani kafin a rufe shi da dutse, kuma wallahi har da masu cewa a bar shi haka don tunawa.

In kana da gwiwa ka hau hasumiyar kudu, matakala 533 ne, a murɗe, ƙunci, mai saukowa na goga kafaɗa da mai hawa. A hanya za ka wuce ƙararrawar nan mai nauyin tan 24. Abin da ya ɓata min rai kawai shi ne yanda mutane suka bi bangon suka cika shi da rubuta sunayensu, haba dan Allah, wani ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa kai kuma ka zo da alƙalami.

Sai tagar nan ta ɓangaren kudu da yaƙi ya farfasa, wadda aka sa sabuwa a 2007, aikin mai zane ɗan Jamus Gerhard Richter. Babu hoton kowa a jiki, ƙananan murabba'ai ne na gilashi sama da 11,000 masu launi 72. Babban limamin cocin na lokacin, Kadinal Meisner, bai so ta ba sam, har ya ce ta fi dacewa da masallaci. Ni kam da na tsaya da rana tsaka hasken ya zubo launi-launi a kan ginshiƙai da tufafin mutane, gaskiya ban ga laifinta ba, ta ma fi wasu tsofaffin burge ni, kuma an ƙi cire ta duk da surutun.