Karatu a waje: ba sunan gari ne tambayar ba, wa zai biya?

Duk lokacin da aka fara neman gurbin karatu a ƙasashen waje, tambayar da ƙannenmu suka fi turo min ita ce: "Malam, makarantar nan da ta ɗauke ni, a babban birni take?" Ina cewa a'a sai jikin yaro ya yi sanyi. Iyaye ma haka. Uba yana son idan an tambaye shi a majalisa ya ce ɗansa na Landan ko Alƙahira ko Kuala Lumpur, ba wani gari da sai ya tsaya yana kwatance ba.

Ni ra'ayina a bayyane yake. Wanda aka biya wa kuɗin makaranta da na abinci, ya tafi ƙaramin gari, zai gode wa Allah. Wanda kuma ya ƙudurta cewa da aikin ƙarfi zai riƙa biyan kuɗin makaranta idan ya isa, to ya yi hattara, don ƙaramin gari ne zai fara tona masa asiri.

Bari in fara da inda na sani. Sintok, a jihar Kedah da ke arewacin Malesiya, dab da iyakar Tailan. Nan Universiti Utara Malaysia take, wadda aka kafa a 1984, kuma duk wanda ya san jami'o'i da kwalejojin Arewa ya san yawan malamanmu na fannin akanta, kasuwanci da tattalin arziki da suka yo digirin digirgir a can. Makarantar a tsakiyar daji take, daji na gaske, har birai na shigowa neman abin da aka bari a bakin taga. Garin da ke kusa shi ne Changlun, can ake cefane. Daga nan zuwa Kuala Lumpur kusan kilomita 500 ne.

Me mutum zai yi a irin wannan wuri in ba karatu ba? Daga ɗaki sai laburare, sai masallaci, sai ofishin malamin da ke duba maka aiki. Babu ɗan'uwa da ya zo sarin kaya daga Kano da za ka raka kasuwa, babu Alhaji da ya zo ganin likita da za ka kwana kana yi wa tafinta. Waɗanda suka zauna a Kuala Lumpur ko Alƙahira sun san wannan hidimar, kuma ba ta ƙiyuwa, don gobe a gida za a ce ka yi girman kai. Haya da sauƙi, abinci halal ne ba sai ka tsaya karanta bayan kwali ba. Ranakun hutu ma a Kedah Juma'a da Asabar ne, ka je masallaci hankali kwance. Shinkafa dai za ka ci ta safe da rana da dare, jihar ce rumbun shinkafar ƙasar, shi ya sa duk mai dawowa daga gida ake roƙonsa kuka da daddawa da yaji.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Kaɗaici a irin waɗannan garuruwa ba wasa ba ne, musamman ga matan da suka biyo mazajensu. Miji ya fita tun safe, ita tana gida da yara, maƙwabta ba sa jin Turanci sosai, ita ba ta jin yaren Malay. Makarantar yara mai koyarwa da Turanci, wadda a babban birni sai ka zaɓa, a nan sai an tona. In ba ka da babur ko 'yar ƙwarya-ƙwaryar mota, ka zama ɗan jiran alfarma. Sannan duk ranar da fasfo ya kusa ƙarewa, ofishin jakadancin Najeriya yana Kuala Lumpur, sai ka hau jirgin ƙasa na wajen awa biyar, ka nemi wurin kwana, wataƙila ma a ce ka dawo. Aiki kuwa, dokar Malesiya ba ta yarje wa ɗalibin waje ba sai lokacin hutu, awa 20 a mako, a wasu 'yan wurare ƙididdigaggu, shi ma da izinin hukumar shige da fice. Wanda ya je Sintok da niyyar neman kuɗi ya ɓata hanya tun daga filin jirgi.

A Ingila ne wannan lissafi ya fi cin mutane, domin can arhar ƙaramin gari a rubuce take. A 2024, mai neman bizar karatu sai ya nuna yana da fam 1,334 na kowane wata idan Landan zai zauna, ko fam 1,023 idan wajen Landan ne. A Janairun 2025 aka ɗaga zuwa 1,483 da 1,136. Dillalan makarantu da wannan suke jan mutane: ka tafi arewacin Ingila, haya ba tsada, kuɗin makaranta kashi-kashi, kana zuwa za ka samu aiki. Rabin maganar gaskiya ce. Abin da ba sa faɗa shi ne, idan ɗalibai dubbai suka sauka a gari ɗaya mai ƙaramar kasuwa, dukansu aiki iri ɗaya suke nema, kula da tsofaffi ko ɗaukar kaya a sito, kuma doka awa 20 ta yarda a mako lokacin karatu. Wannan zai iya biyan haya da abinci. Kuɗin makaranta kuwa, ina!

Mun ga abin da ya faru a Middlesbrough, wani gari a arewacin Ingila. Bayan an saki Naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da mutane suka tara a gida ya narke. A Mayun 2024 labari ya bazu cewa an dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke garin saboda sun kasa cika kuɗi a kan lokaci, aka sanar da hukumar shige da fice, aka ce su bar ƙasar. Wasu har sai da suka koma karɓar abinci a gidajen agaji. Waɗannan ba ragwaye ba ne, lissafi ne ya juye musu a garin da ba su da wanda zai rufa musu asiri. A Landan ko ba komai akwai 'yan gida da yawa, akwai wanda zai ba ka falo ka kwana.

Akwai kuma abin da kusan ba wanda ke yi: buɗe taswira. A 2022 da Rasha ta afka wa Yukiren, ɗaliban da ke Sumy, ciki har da namu masu karatun likita, su suka fi daɗewa a maƙale, saboda garin na dab da iyakar Rasha, hanyar fita kuma tana can yamma. Sai wajen 8 ga Maris aka buɗe musu hanya. Ba wanda ya san gaibu, amma sanin nisan garinka da filin jirgi da ofishin jakadanci bai kai wahalar cika fom ba.

Wani zai ce ai takardar babban birni ta fi daraja. Wannan kam ban yarda ba. Oxford da Cambridge ba a Landan suke ba. Jami'ar Musulunci ta Madina ba a Riyad take ba. Mu kanmu nan, wa zai ce ABU ta ragu don tana Zariya ba Abuja ba? Abin dubawa shi ne ko hukumomin gida sun amince da makarantar, musamman ga masu karatun likita da za su dawo su zauna jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, sai kuma ko akwai malamin da ya san fanninka da zai duba maka aiki.

Tun da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai waje a farkon 2025, yawancin masu tafiya da kuɗin gida za su tafi, wani gona za a sayar, wata gwal ɗin uwarta. Don haka kafin a ba dillali ko sisi, a nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta makarantar, kusan ko'ina akwai su a WhatsApp ko Facebook. A tambaye su nawa ne hayar ɗaki a bana, mutum nawa cikin waɗanda suka zo bara suka samu aiki, kuma me makarantar ke yi wa wanda ya makara da biyan kashi na biyu.