Tayar Mota a Ƙafar Bayan Babur: Arahar Gaskiya Ce, Amma Wa Ya Gwada Ta?

A Amurka akwai masu manyan baburan doguwar tafiya da suka daina sayen tayar babur don ƙafar baya. Da zarar wadda ke kai ta suɗe, sai su nufi shagon tayoyin mota, su sayi irin wadda ake sa wa ƙaramar mota, su ɗaura ta a rim ɗin babur, su hau titi abinsu. Sun fi yawa a cikin masu Honda Gold Wing da Valkyrie, amma ana samunsu har cikin masu Kawasaki Vulcan da Triumph Rocket III. 'Yan Darkside suke kiran kansu, kuma sun haura shekara 20 suna cacar baki da kamfanonin taya. Kamfanoni na cewa ganganci ne, su kuwa suna cewa kamfanoni kasuwarsu kawai suke karewa.

Ni ba na cikin masu yi musu kallon mahaukata. Matsalar da ta kai su ga wannan dabara matsala ce ta gaske, kuma wasu hujjojinsu ba sa tunkuɗuwa cikin sauƙi. Inda muka raba hanya shi ne abin da suke kira shaida.

A fara da babur ɗin kansa. Gold Wing GL1800 da Honda ta fitar a 2001 injinsa silinda shida ne, cc 1,832, ya fi na ƙananan motoci da yawa girma. Nauyinsa ya kai kilo 400 tun kafin kowa ya hau. Mai shi zai hau, ya goya matarsa, ya cika akwatunan gefe da na baya, wani ma ya jawo 'yar tirela. Sannan ya kama hanya irin Interstate 80, wadda ta tashi daga San Francisco har New Jersey, sama da kilomita 4,600, wuni guda a jihar Nebraska hanya miƙaƙƙiya, kusan ba shan kwana. A irin wannan tafiya tsakiyar taya kaɗai ke cin kwalta. Tsakiyar ta suɗe, gefe biyu kuwa zanensu na nan daram, amma dole a jefar da tayar. Mai tafiya da yawa yakan canza ta baya sau biyu ko uku a shekara, kowane canji da kuɗin taya da na aiki. Tayar mota kuwa takan zo a kusan rabin farashi, kuma masu amfani da ita suna cewa tana ninka ta babur daɗewa, wani lokaci fiye da haka.

Akwai ma waɗanda ba kuɗin ne ya dame su ba, lokaci ne. A gasar Iron Butt Rally ana cin kusan mil 11,000 cikin kwana 11, wato kimanin kilomita 17,700. Wanda tayarsa za ta ƙare a tsakiyar gasa sai ya tsaya neman shago. Ba abin mamaki ba ne a ce wasunsu sun koma ga tayar da za ta kai su ƙarshe.

Hujjarsu mafi ƙarfi a wurina ita ce ta nauyi. Tayar baya ta asali a GL1800 na 2001 zuwa 2017 lambarta 180/60R16, kuma alamar ɗaukar kayanta 74 ce, ma'ana kilo 375. Tayar motar da suka fi sa wa, 195/55R16, takan zo da alamar 87, kilo 545. Faɗin da'irarsu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai milimita 2 ba, don haka mitar gudu da birkin ABS, mai hana ƙafa cijewa idan an taka birki da ƙarfi, ba sa rikicewa. Kayan da Honda ta yarda a ɗora wa wannan babur, har da mutanen da ke kai, bai kai kilo 200 ba, kuma manya biyu masu jiki da jakunkunansu sukan wuce wannan iyaka ba tare da sun sani ba. Tayar babur da aka yi wa lodi fiye da kima, ga zafin kwalta, ga ƙarancin iska, tana iya fashewa. Wasu kuma suna zaɓen tayar mota mai ƙarfafan gefe, irin wadda ko ta sace za ta ci gaba da tafiya a hankali har a isa gari. Mutumin da ya taɓa yin faci a hamadar Nevada da babur mai kilo 400 ba zai raina wannan ba.

To ina matsalar take? A kwana take. Mota tana juyawa ne da sitiyari, ƙafafunta huɗu suna zaune a kwance. Babur kuwa sai ya kwanta gefe kafin ya sha kwana, shi ya sa ake yin tayarsa da doron baya. Ka ɗauki ƙwarya da bokiti ka karkata kowanne: ƙwarya za ta mirgina a hankali, gindinta na taɓa ƙasa ko ta wane gefe, bokiti kuwa zai ɗage ya tsaya a kan kaifin gindinsa. Tayar babur idan ta kwanta, wani sashen roba da aka yi shi don wannan aiki shi ke karɓar kwalta, kuma a tayoyin zamani robar gefen ta fi ta tsakiya laushi don ta kama ƙasa sosai. Tayar mota idan aka kwantar da ita, sai ta hau kafaɗarta, bangon gefenta ya lanƙwashe don sauran zanen ya samu ya taɓa ƙasa. 'Yan Darkside suna cewa ai wannan lanƙwasawar ce ke ba su riƙo, kuma gaskiya ne tana bayarwa. Sai dai bangon da ke lanƙwashewar ba a ƙera shi don ya riƙa ɗaukar nauyin babur a karkace, kwana bayan kwana, na dubban kilomita ba.

Su da kansu ba sa musun cewa tuƙin ya canza. Babur mai tayar mota yana son miƙewa tsaye, sai ka ci gaba da danna kansa muddin kana cikin kwana. A ƙaramin gudu, idan gefe ɗaya na tayar ya hau tudun kwalta ko bakin rami, yakan ture babur ɗin zuwa ɗaya gefen. Sukan ce cikin mako guda hannu zai saba. Na yarda hannu yana sabawa da abin da yake yi kullum. Ranar da barewa ta faɗo titi a tsakiyar kwana, ko mota ta shigo hannunka, dole ka ƙara kwantar da babur ko ka taka birki yana karkace, wannan ba abin da aka saba ba ne, kuma a daidai nan ne ƙirar taya ke yanke hukunci. Ga kuma tayar gaba, wadda har yanzu ta babur ce mai doro. Ƙafa biyu masu siffa daban suna jan babur ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba a ganinsa daga waje. Shi ne inda bakin taya ke zama a cikin rim. Rim ɗin babur da na mota ba tsari ɗaya ba ne: tsawon leɓensu da wurin tudun da ke hana bakin taya zamewa ciki sun bambanta. A inci 16 faɗin ya kusa zama ɗaya, shi ya sa tayar ke shiga. A inci 15 kuwa rim ɗin babur ya fi na mota girma da kusan milimita 3, duk da lambar ɗaya ce a rubuce. Dalilin da ya sa ake buga haruffan M/C a jikin tayar babur ke nan, don kada a haɗa su. Mai son tilasta wa tayar mota hawa irin wannan rim sai ya dura mata iska fiye da kima kafin bakinta ya zauna, kuma a nan wayar da ke cikin bakin tana iya tsinkewa, ko ta fashe a fuskar mai aikin, ko ta ji rauni a ɓoye ta jira ranarta. Shagunan babur da yawa a Amurka ba sa karɓar wannan aiki. Saboda haka masu yi sukan ɗaura da kansu a gareji, ko su cire ƙafar su kai wa mai tayar mota ba tare da sun faɗa masa ta mene ce ba.

Idan ka kawo duk wannan, amsa ɗaya za ka ji: mun yi miliyoyin mil, ina gawarwakin? Za su nuna maka bidiyon Gold Wing mai tayar mota yana shan kwana a Deals Gap, hanyar nan ta kan iyakar Tennessee da North Carolina mai kwana 318 cikin mil 11, har matakin ƙafa na gogar kwalta. Gani ya kori ji, in ji su.

Bidiyon ya tabbatar da abu ɗaya: ƙwararren matuƙi, a busasshiyar hanya, da rana, zai iya. Bai gaya mana tsawon mita nawa babur ɗin ke ci kafin ya tsaya a jiƙaƙƙiyar kwana idan aka kwatanta da tayar asali ba. Bai gaya mana abin da ke faruwa da bakin taya idan iska ta fita farat ɗaya ana gudun kilomita 120 a awa ba. Waɗanda ke ba da labarin miliyoyin mil su ne waɗanda abin ya yi wa daɗi suka zauna a kai. Wanda ya gwada ya tsorata ya cire, ya yi shiru ya koma harkarsa. Wanda ya faɗi a kwana, za a rubuta cewa gudu ya yi yawa, shi ma kansa ƙila haka zai ɗauka. Sannan yawancin masu wannan dabara dattawa ne da suka shekara da shekaru a kan babur, masu duba iskar taya kowace safiya. Irin waɗannan ko da wace taya ba su cika faɗuwa ba, don haka tsirarsu ba ta wanke tayar.

Zancen cewa kamfanoni kasuwa suke karewa ma bai zauna mini ba. Michelin da Bridgestone da Dunlop duk suna sayar da tayar mota. Da akwai hanyar da za su buga wa wata tayar mota hatimin babur su mallaki wannan kasuwa ba tare da fargabar kotu ba, da wani cikinsu ya riga sauran. Amma ban wanke su tas ba. Sun daɗe suna sayar wa masu baburan kilo 400 tayar da ke ƙarewa da wuri a farashi mai tsada, kuma amsar da suke bai wa masu ƙorafi ba ta wuce gargaɗi na layi biyu. Sai daga baya tayoyi irin Dunlop Elite 4, masu taurin roba a tsakiya da laushi a gefe, suka rage tazarar. Kamfanin da ke da filin gwaji da injiniyoyi, idan ya tabbata abu na da haɗari, ya kamata ya ɗaura tayar mota a Gold Wing, ya auna, ya fitar da lambobi kowa ya gani. Gargaɗi maras lamba shi ya bar wa jita-jita fili.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, littafin binciken lafiyar ababen hawa na MOT ya lissafa tayar mota a kan babur mai ƙafa biyu cikin tayoyin da ba su dace ba, babur ɗin ba zai ci jarrabawa ba. A Jamus ma masu binciken ababen hawa na TÜV ba sa wasa da tayar da ba ta cikin abin da aka amince wa abin hawa. A yawancin jihohin Amurka kuwa ba dokar da ta ambaci abin da sunansa, shi ya sa ya yi rassa a can. Rashin hani bai hana lauyan ɗaya ɓangaren ɗaga hoton tayar a gaban kotu bayan haɗari ba.

Akwai inda shimfiɗaɗɗiyar taya take daidai, kuma ba mai jayayya: babur mai akwatin fasinja a gefe, da Gold Wing ɗin da aka mayar mai ƙafa uku, da Can-Am Spyder, wanda dama da ƙafa uku ake ƙera shi. Duk ba sa kwanciya a kwana. Adaidaita Sahu ma haka take, shi ya sa tayarta ba ta da doro irin na Boxer ko Jincheng. A wajenmu tayar mota ba za ta ma shiga ƙafar baburan acaɓa ba, sai dai masu manyan babura na Abuja da Kano da Legas, waɗanda samun tayar asali ke yi wa wuya da tsada, suna iya jin labarin ya burge su. Su tuna cewa Ba'amurken da ke wannan kasada sabuwar taya yake saya, a kan titi mai laushi yake tafiya. Wanda zai ɗauko tayar mota ta gwanjo, wadda lambobi huɗun da ke jikinta suka nuna ta shekara takwas, ya bi da ita hanya mai ramuka da yashi a bakin kwana, ya haɗa kasada biyu ne a ƙafa ɗaya.

Ba na goyon bayan a kama baligin da ya san abin da yake yi ya zaɓi wannan wa kansa. Amma Gold Wing babur ne na mutum biyu, kujerar bayansa har da majingina da wurin ɗora hannu. Matar da ke zaune a wurin ba ta karanta muhawarar rim da bangon taya ba, ta dai yarda da mijinta ne. Haƙƙinta ne ya gaya mata cewa ƙafar da ke ƙarƙashinta tana ɗauke da tayar da Honda ba ta amince da ita ba, wanda ya ƙera tayar ma bai amince ba. Kamfanin inshorarsa ma ya sanar da shi a rubuce tun kafin wani abu ya faru. Ranar da zai sayar da babur ɗin kuma, ya cire ta ya mayar da ta asali, domin mai saye bai yi makon nan na sabon hannu ba, kuma kwanar farko daga ƙofar gidan mai sayarwa za ta same shi.