Ga wanda ya ce ko makaho zai fasa faifan

Tun ranar Lahadi da na saka bidiyon gasar nan ta harbin faifan laka, wanda ake cillawa sama a harbe shi da bindiga, nake ta haɗiye magana, amma yau sai na amayar da ita. Ɗan uwan nan da ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa bindiga mai watsa harsashi ce, ko makaho aka ba zai fasa faifan, kuma mutum 40 suka danna masa alamar so, ba na jin ya taɓa ɗora gindin bindiga a kafaɗarsa. Malam, ba ka san abin da kake faɗa ba. Wasan nan yana da wuya, kuma wuyarsa ce ta sa nake tashi da sanyin safiyar Ingila ina tuƙi zuwa bayan gari.

Faifan lakar da ake cillawa faɗinsa santimita 11 ne. Akwai na santimita 9, akwai ɗan mitsitsi na santimita 6 wanda in ya tashi sai ka rantse ƙudan zuma ne. Filin gasa yakan kai matsaya, wato wurin da mai harbi yake tsayawa, 10 zuwa 15, faifai 100, kuma kowace matsaya da irin tata fitinar. Wani ya taso daga bayan bishiya ya wuce ta saman kanka, wani ya gilma daga hagu zuwa dama, wani ya miƙe sama sak sannan ya faɗo. Akwai wanda ake kira zomo, shi a ƙasa yake gangarawa, ya bugi ɗan dutse ya yi tsalle daidai lokacin da ka ja kunama. Sau da yawa biyu ake saki tare, bindigarka kuma baki biyu gare ta, harsashi biyu kacal. Ina makaho a nan?

Gaskiya ne kwanso ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyin darma sama da 300, nauyin giram 28. Amma in sun watsu a nisan mita 30, faɗinsu bai wuce na babban tire ba, kuma kafin su isa can faifan ya riga ya bar wurin. Shi ya sa ba a harbin inda faifan yake, inda zai je ake harbi. Ido yana kan faifai, hannu yana jan bakin bindiga gabansa, ka harbi iska wadda babu komai a cikinta, sai ka ga laka ta tarwatse ta zama ƙura. Ka tsayar da hannu ko na ƙiftawar ido ne, harbinka ya faɗa bayansa. Ka ɗaga kuncinka daga jikin bindiga don ka leƙa, ya wuce ta sama. Na yi wata 8 ina fama da faifai mai gilmawa daga dama kafin wani dattijo ya gano cewa idona na hagu ne mai rinjaye alhali da dama nake harbi. Ranar Lahadin nan 64 na fasa cikin 100, kuma wallahi na yi murna da ita har cikin raina, domin na san gumin da na zubar kafin na kai nan. Masu fasa 90 zuwa sama shekaru suka kwashe. George Digweed, mutumin Ingila da ya ci kambin duniya fiye da sau 20, shi ma yana kuskure.

Sai masu cewa almubazzaranci ne. Na ji, akwai tsada: harsashi kuɗi, faifai kuɗi, kuɗin shiga gasa, ga mai. Amma wanda ya yi min wa'azin nan duk mako yana saka hotonsa a filin ƙwallo, ban kuma taɓa tambayarsa nawa tikiti ba. Kowa da abin da yake kashe wa kuɗinsa.

Masu cewa bai dace in riƙa wasa da bindiga ba alhali ana kashe mutanenmu a Zamfara da Katsina, su na fi jin zafin maganarsu, don ni ma ina da 'yan uwa a can. Sai dai ban ga yadda fasa laka a gonar Turawa ya ƙara wa ɗan ta'adda harsashi ko ɗaya ba. A nan sai 'yan sanda sun bincike ka, sun zo sun ga akwatin ƙarfen da za ka kulle bindigar, sannan su ba ka takardar izini ta shekara 5. A fili kuwa bindigarka a buɗe take ta wurin da ake saka harsashi, babu harsashi a ciki, har sai ka shiga matsayarka. Ka juya bakinta wajen mutum sau ɗaya, gida za ka koma.

Kuma ku san dalilin da ya sa laka ake harbi. A da, tattabaru masu rai ake saki. A wasannin Olamfik na Paris a 1900 an kashe tattabaru kusan 300. Faifan laka, wanda George Ligowsky ya ƙirƙira a Amurka wajen 1880, shi ya zo ya maye gurbinsu, Birtaniya kuma ta haramta gasar harbin tsuntsun da aka kama a 1921. Mu kuwa tun tuni Manzon Allah (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi, hadisin yana cikin Muslim. Ni wannan kaɗai ya ishe ni in ji daɗin wasan da zuciya ɗaya.

Kada ma wani ya ce na Turawa ne kawai. Namu salon harbin faifan ba ya cikin Olamfik, amma 'yan uwansa suna ciki, kuma Larabawa sun yi fice. Ahmed Al Maktoum na Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004. Nasser Al-Attiyah na Katar, direban tseren motoci na Dakar, ya ci tagulla a Landan a 2012. Abdullah Al-Rashidi na Kuwait yana da shekara 57 ya ci tagulla a Tokiyo. Wane wasa ne dattijo zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan shekara 20 ya doke shi? Ido ne da natsuwa da haƙuri. Ɗan uwa, in ka shigo gari ka neme ni, zan biya maka faifai 25, mu ga nawa za ka fasa.

Af, wani abu da bidiyon ya tuna min. Wata ta tambaye ni mene ne na toshe kunnuwana da shi. A filin nan ba a barin kowa ya tsaya babu abin kare kunne da tabarau. Sai na tuna 'yan bindigar Sarki a hawan Sallah a Kano, yadda suke ɗura wa bindiga albarushi su saki ƙara har ƙasa ta girgiza, kunnuwansu a buɗe, yara kuma na biye da su. Wani tsohon maharbi a unguwarmu sai an ɗaga murya sosai yake ji, mu muna yara muka ɗauka tsufa ne. Abin toshe kunnen nan na soso ne, ba shi da tsada. In Allah ya kai ni gida kafin Babbar Sallah da kwali guda zan zo, wanda ya san shugaban 'yan bindigar ya haɗa ni da shi.